Yadda Ake Tayar Da Ramammen Duƙushi

A ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa har yanzu doki bai rasa darajarsa ba, ko da yake babur da mota sun karɓe masa tafiye-tafiye. Hakimi da dagaci ba su fita hawan Sallah sai da dawakai, samari kuma suna kilisa da sukuwa da hawan angwanci. A watan Disamba na 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Saboda haka kuɗin ingarma ƙosasshe ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai su nufi kasuwa irin ta Maigatari, can bakin iyakar Nijar, su sayo duƙushi ramamme da araha, da nufin su yi kiwonsa ya zama abin hawa ko abin sayarwa.

Wannan dabara ce mai kyau, amma a nan ne hasara ta fi aukuwa. Mutum ya kawo duƙushi gida, ya ga haƙarƙarinsa a waje, tausayi ya kama shi, sai ya cika masa komi da dawa. Kafin kwana uku ciki ya ƙulle, ko zawo ya ɓarke, ko ƙafafu su ɗau zafi ya kasa takawa. Wani ma a wayi gari a tarar da shi a turke ya mutu. Abin da yunwa ba ta kashe ba, sai gaggawar mai shi ta kashe.

A FARA AUNA RAMAR

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a sha'anin doki ido kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da hannu, domin gashin hunturu yakan ɓoye rama. A shekarar 1983 wani masani a Amurka, Don Henneke, ya tsara ma'auni mai hawa 9 wanda likitocin dabbobi ke aiki da shi har yau. Ana shafa wuya da doro da kafaɗa da haƙarƙari da gadon baya da gindin wutsiya. Hawa na 1 shi ne dokin da ya zama fata da ƙashi. Hawa na 3 ana ganin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ƙashin baya kuma ya fito. Hawa na 5 shi ne daidai, watau ba a ganin haƙarƙari amma ana jinsu idan an shafa. Hawa na 9 ƙiba ce da ta zama cuta. Duƙushi mai girma hawa na 5 ake nema masa, ba fiye ba.

Sa'an nan a san nauyinsa, don da nauyi ake lissafin abinci da magani. Ba sai an kai shi kan sikeli ba, tef ɗin tela ya isa. A zagaye ƙirjinsa daidai inda majayi ke bi, a rubuta inci nawa ne. A auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka abin da ya fito da tsawon, a raba da 301 idan duƙushin ɗan shekara ɗaya ne. Abin da ya fito shi ne nauyinsa a laba. Misali, ƙirji inci 52, tsawo inci 49, zai ba da laba 440, watau kilo 200. Wanda lissafi ya yi wa wuya sai ya nemi igiya, ya zagaye ƙirjin, ya yi ƙulli a inda ta haɗu. Duk bayan mako biyu ya sake gwadawa. Igiyar nan ba ta yi masa ƙarya.

ME YA RAMAR DA SHI?

Kafin a kashe ko kwabo wajen hatsi, lalle a nemi dalilin ramar. Ƙarancin abinci ɗaya ne kawai daga cikin dalilai, akwai waɗansu huɗu da suka fi yawa.

Na farko tsutsar ciki. Duƙushi da bai kai shekara biyu ba yakan ɗauki wata farar tsutsa mai kaurin fensir wadda tsawonta kan haura taƙi guda. Alamarta tumbi ya fito, gashi ya tashi ya dushe, wani lokaci da tari da majina. Mutane sun saba da ibamektin, amma an gano a ƙasashe da yawa cewa wannan tsutsa ta fara jure masa, fenbendazol ya fi kama ta. Akwai kuma haɗari guda: idan tsutsar ta yi yawa, aka kashe ta gaba ɗaya a rana guda, gawarta na iya toshe hanji. Don haka a ɗebi ɗanyen kashinsa a kai wa malamin dabbobi ya duba, shi ne zai faɗi maganin da ya dace da yawan da za a ba shi.

Na biyu haƙora. Duƙushi yana famfara kamar yaro. Haƙoran gaba na tsakiya suna faɗuwa yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a shekara uku da rabi, na gefe a shekara huɗu da rabi. Turamen ciki su ma suna sauyawa, wani lokaci tsohon ya maƙale a kan sabo ya hana tauna. Idan aka ga yana zubar da ciyawa a dunƙule daga baki, ko ana ganin ƙwayar dawa ɗungum a kashinsa, to, a sa a duba bakin.

Na uku cutar jini. Wannan ta fi shafar mutanen Doguwa da Tudun Wada da ke kusa da Dajin Falgore da bakin rafuka, inda ƙudajen da ke cizon dabbobi suka fi yawa. Tsando da bobuwa suna kawo sammore, kaska kuma tana kawo wani zazzaɓi mai fasa jini. Dokin yana ci amma yana ƙara lalacewa. A ɗaga leɓensa a duba dasashi, a buɗe fatar ido. Idan sun yi fari fat ko sun yi rawaya, ko ƙafafu da ƙasan ciki sun kumbura, ba aikin dusa ba ne, aikin likita ne. Kada mai doki ya ɗauki allurar sammoren shanu ya yi masa da kansa, domin doki ba ya jure ta kamar sa, kaɗan aka zarce sai ta zama dafi.

Na huɗu yayen wuri da danniya. Duƙushin da aka raba da goɗiya kafin wata biyar ko shida yakan tsumbure. Wanda kuma aka haɗa shi komi ɗaya da babban doki, ko da tumaki da awaki, sai abin da suka rage yake samu. A ware masa turkensa da kominsa.

CIKIN DOKI BA IRIN NA SA BA NE

Yawancin kuskuren da ake yi ya samo asali daga kiwon sa da rago, wanda mutanen wannan yanki suka gwanance a kai. Sa yana da babban tumbi, yana haɗiye abinci da yawa, ya kwanta ya yi tuƙa. Doki kuwa ba ya tuƙa, ba ya amai, kuma cikinsa ƙarami ne, na babban doki ma bai wuce cin lita 15 ba. An halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan kusan sa'a 16 a kwana. Ciyawar tana narkewa ne can a babban hanji. Idan hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, sai ya wuce bai narke ba, ya isa babban hanjin ya yi tsami, ya tayar da iska. Daga nan ne ƙullewar ciki ke fitowa, da ciwon nan da ke sa kofato zafi har doki ya riƙa tsayawa yana jingina baya. Wanda ya fahimci wannan ya san ƙa'idar kiwon doki duka: ciyawa da harawa su ne abinci, hatsi ƙari ne.

KWANA GOMA NA FARKO

Duƙushin da ya kai hawa na 1 ko na 2 yana cikin haɗari na musamman. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka ba shi abinci mai ƙarfi farat ɗaya, gishirin da ke cikin jininsa yakan rikice, zuciya da numfashi su kasa, ya mutu tsakanin kwana uku zuwa biyar bayan an fara ciyar da shi. A shekarar 1998 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gwada abinci iri-iri a kan dawakan da yunwa ta ci, suka ga ganyen alfalfa ya fi kowanne aminci. Alfalfa dangin wake da gyaɗa ce, saboda haka a nan ƙasar harawa ita ce mafi kusa da ita.

Ga yadda za a yi wa mai kilo 200. Kwana uku na farko a ba shi harawa mai ganye kimanin rubu'in kilo, duk bayan sa'a huɗu, dare da rana, da ruwa mai tsabta. Daga kwana na huɗu zuwa na goma a riƙa ƙara yawan harawar ana rage yawan zuwa, har a koma sau uku a yini. Bayan kwana goma a bar shi ya ci iyakar cinsa. A duk tsawon nan ba dawa, ba masara, ba dusa. Mai doki zai ga kamar rowa ce, alhali kuwa ceton ransa ake yi.

Wanda ramarsa ba ta kai haka ba, watau hawa na 3 ko na 4, ana iya sake masa harawa da ciyawa tun ranar farko, a fara haɗin hatsi bayan mako guda.

ABINCIN YAU DA KULLUM

Duƙushi mai girma yana cin busasshen abinci kimanin kilo biyu da rabi a kan kowane kilo 100 na nauyinsa. Mai kilo 200 ke nan zai ci kilo 5 a kwana. Ga rabon da ya dace:

Harawar gyaɗa ko ta wake, kilo 2.
Ciyawa mai laushi irin harkiya ko kyasuwa da aka yanka kafin ta tsufa, kilo ɗaya da rabi.
Haɗin hatsi, kilo ɗaya da rabi, a raba shi uku, safe da azahar da almuru.

Haɗin kuwa kashi huɗu ne a kan sikeli: kashi biyu dawa ko masara, kashi ɗaya dusar alkama, kashi ɗaya waken suya. Dawa ƙwayarta ƙarama ce mai tauri, a ɓarza ta ko a jiƙa ta kafin a ba shi, amma kada a bar jiƙon ya kwana ya yi tsami. Waken suya, wanda manoman Doguwa da Tudun Wada ke nomawa, ya fi kowane abu gina tsokar duƙushi, sai dai lalle a soya shi a ɓarza, domin ɗanyensa yana hana abinci narkewa. Idan babu shi, tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ba a sa wa yaji ba zai tsaya a madadinsa. Kowar wake ma tana da amfani a haɗa da harawa.

Ba a fara haɗin nan da kilo ɗaya da rabi. A fara da cikin tafi ɗaya a kowane ci, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku, har a kai cikakken awo a mako biyu. Haka kuma duk lokacin da za a sauya abinci, daga dawa zuwa masara, ko daga busasshiyar ciyawa zuwa ɗanyar farkon damina, a yi shi sannu a hankali cikin mako guda ko fiye.

Wajen awo a lura da abu ɗaya. Kwanon dusa da kwanon dawa ba nauyinsu ɗaya ba, dusa ba ta kai rabin dawa ba. Mai doki ya ɗauki gwangwanin da zai riƙa aiki da shi, ya je wurin mai sikeli a kasuwa sau ɗaya, ya auna kowane iri, ya riƙe a kansa. A zuba abinci a komi, kada a watsa a ƙasa, domin yashin da doki ke haɗiya yana taruwa a hanji.

DUSA DA ƘASHI

Mutane da yawa suna ɗaukar dusa ita ce maganin rama, don tana da araha kuma doki na sonta. Amma ƙashin duƙushi yana ginuwa ne da abubuwa biyu, kalsiyam da fosfaras, kuma dole na farkon ya fi na biyun yawa. Dusa da hatsi cike suke da fosfaras, kalsiyam ɗinsu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Duƙushin da aka tsare shi da dusa wata da watanni, jikinsa zai riƙa zare kalsiyam daga ƙashi. Sai a ga fuskarsa ta kumbura tsakanin ido da hanci, yana ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan, haƙora suna girgiɗi. Harawa ita ce ke gyara wannan, domin ganyen gyaɗa da na wake suna da kalsiyam da yawa. Wanda ya rage harawa don ta yi tsada ya ƙara dusa, ƙashin dokinsa yake sayarwa.

Mutanen Tudun Wada da ke da injinan casar shinkafa su ƙara kula. Dusar da ƙananan injina ke fitarwa a gauraye take da ɓuntu, shi kuwa ɓuntu ba shi da wani amfani a cikin doki sai kartar hanji. A tankaɗe ta, a yi aiki da mai laushin kawai, kuma sabuwa, don man da ke cikinta yana saurin lalacewa.

GISHIRI DA KANWA DA MAI

Gishiri shi ne ƙarin da kowane doki ke bukata, ko ramamme ko ƙosasshe. Babban cokali ɗaya a kwana cikin haɗin ya ishi duƙushi, ko kuwa a ajiye masa kantu ya riƙa lasa. Kanwa tsohuwar al'ada ce a barga, amma ba ta maye gurbin gishiri, ba ta kashe tsutsa, kuma idan ta yi yawa zawo take sawa. Wanda zai ba da ita ya ba da 'yar kaɗan, jifa-jifa.

Man gyaɗa yana ƙara ƙiba ba tare da tayar da tsamin ciki irin na hatsi ba. Bayan mako uku da fara kiwo ana iya zuba cokali biyu a haɗin, a riƙa ƙarawa har rabin ƙaramin kofi a kwana. Idan kashinsa ya yi ruwa a rage.

Da rani, musamman daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, busasshen abinci yakan rasa bitamin A, wanda ido da fata ke bukata. A nan mutanen Bebeji da maƙwabtansu sun yi sa'a, domin tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ba a rasa ɗanyen ganye a lambuna da bakin ruwa. Dami ɗaya na ɗanyar ciyawa, ko karas biyu ko uku da aka tsaga a tsaye don kada ya shaƙe, sun fi kwalabar magani. Amma a tabbata ba a fesa wa wurin maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Garin bitamin da ake sayarwa yana da amfani idan na dawakai ne kuma likita ya ce a ba da, sai dai ba ya tayar da dokin da ba ya ƙoshi.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Duƙushi mai kilo 200 yana shan lita 20 ko fiye a kwanakin bazara. Dokin da ba ya samun ruwa sosai ba ya cin busasshen abinci sosai, kuma cikinsa ya fi saurin ƙullewa.

ABUBUWAN DA BA A BA DOKI

Masara mai fumfuna ita ce ta farko. A Doguwa, inda ruwa ya fi yawa a duk Jihar Kano, masara takan sha ruwan ƙarshe a gona, sai a tsince mai kyau a kai kasuwa a bar wa dabbobi ragowar. Dafin da ke cikin irin wannan masara yana lalata ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa zagaye yana karo da bango, kuma da wuya ya tashi. Haka ƙuli-ƙuli da harawa da suka yi fumfuna.

Abincin kajin gidan gona shi ne na biyu. Waɗansu ana sa musu wani magani mai suna monensin, wanda kaza ke ci lafiya, amma ɗan kaɗan ya isa ya tsayar da zuciyar doki. Haɗin kiwon shanu da aka sa wa takin yuriya shi ma a nisanta shi.

Gyauron dawa da ƙaramar dawar da fari ya taɓa suna da dafi. Angurya ta dace da sa, amma tana cutar da duƙushi. Ƙwayoyi da allurai na sa ƙiba, irin su deksametason, ruwa kawai suke tara wa jiki, su raunana shi gaban cuta, su jawo ciwon kofato. Ɗan kasuwar da ya san doki yana gane irin wannan ƙiba da shafa ɗaya.

TANADI DA HAƘURI

Lissafin nan zai taimaki mai niyya. Harawa kilo 2 a kwana, cikin wata shida, kilo 360 ke nan. Da kaka take araha, amma da bazara, ko idan Babbar Sallah ta matso masu kiwon raguna suka shiga kasuwa, kuɗinta kan ninka. A saya da kaka, a zaɓi mai kore wadda ganyenta bai kakkaɓe ba, domin amfanin yana cikin ganyen, ba karan ba. A adana ta a rumfa ko ɗaki, a kan itace. Wadda aka ɗora a kan soro ko reshen bishiya rana tana cinye ta, ruwan farko kuma ya ruɓar da saura.

Duƙushin da ya rame ƙwarai yana ɗaukar wata uku zuwa biyar kafin ya dawo daidai. Ba a so ya yi ƙiba da sauri, domin nauyi a kan ƙashin da bai ƙosa ba yana kumbura gwiwa ya karkatar da ƙafa. A riƙa kwance shi daga turke kullum ya zagaya, ko a ja shi da ragama safe da yamma, don motsi ne ke mayar da abinci tsoka. A kwashe kashi daga barga kowace rana saboda ƙwan tsutsa. Sirdi kuwa kada ya hau bayansa kafin ya cika shekara uku, sukuwa sai bayan haka, domin ƙashin bayan doki ba ya gama ƙosawa sai ya kai shekara biyar ko shida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son duƙushinsa ya fita hawan baɗi, da kakar bana zai sayi harawa, ya kai kashi wurin malamin dabbobi, ya ƙulla igiyar awo. Idan ya yi mako huɗu yana bin wannan tsari ƙullin igiyar bai matsa ba, to, akwai cutar da ba a gano ba, sai ya koma wurin likita maimakon ya ƙara dawa.

Allah ya sa albarka a turke.